Layin da Malam Nasiru Ya Soke

Aikin masinja wahala ne, ba wani sunan da za a sa masa. Shekara goma sha tara ina yin sa a cibiyar karatun digiri da wata jami'a ta buɗe mana a nan Jibiya. Gwiwoyina sun ƙare tsakanin ofis da ofis, kuma har yau in an tashi kirana, wasu "kai" suke cewa. Sunana Lawal, mutumin Gangara, ina mataki na huɗu na albashi, kuma da alama a nan zan yi ritaya. Karatuna aji shida ne na firamare. Shugaban ƙungiyarmu ta ƙananan ma'aikata ya ce kowane tsoho ya rubuta abu ɗaya da ya gani a bakin aiki don sababbin ɗauka su karanta. Ni ranar da ta ƙi fita raina ita ce wata Talata da aka miƙo mini biro aka ce in sa hannu, na ce ba zan sa ba.

A sashen nazarin halayyar ɗan Adam nake, wanda ɗalibai ke kira saikoloji. Mutanen gari kuwa cewa suke yi a nan ake koyon karanta zuciyar mutum. Ni dai na zauna a bencin ƙofarsu shekara da shekaru, ban ga wanda ya karanta tawa ba.

Bari in fara da yadda rajista take, don wanda bai sani ba ya gane. Farkon kowane zangon karatu ɗalibi zai karɓi fom na hannu, takarda biyu da kabon a tsakani, ta sama fara, ta ƙasa ruwan ɗorawa. Zai rubuta kwasa-kwasan da zai ɗauka. Kowane kwas yana da nauyinsa, ana ce masa yunit, kuma ba a yarda ɗalibi ya wuce yunit ashirin da huɗu a zango ɗaya ba. Daga nan a kai wa kodineta, wato malamin da aka ba riƙon ajin, shi ne mai ba da shawara, shi zai duba ya ce wannan ya yi, wannan a cire. Ƙa'ida guda ce ko kazar makarantar ta haddace: kwas ɗin da ka faɗi a baya, wanda suke kira kariyoba, shi ake fara sawa kafin komai. In kodineta ya gama, mai buga takardu ta shigar a kwamfuta, a fitar da tsabtatacciyar takarda, ɗalibi ya sa hannu. Farar takardar hannu ta zauna wurin kodineta, mai ruwan ɗorawa a mayar wa ɗalibi. Ni ne mai yawo da su.

Wani abu kuma: digirin shekara huɗu ne, ana yi wa mutum haƙurin biyu. In ka cika shida ba ka gama ba, ka tafi gida hannu rabbana.

Akwai wani ɗalibi, Isufu, daga wani gari can gefen Maraɗi. Ba yaro ba ne, ya haura talatin, yana da mata da 'ya'ya biyu. 'Yan ajinsu na tsokanarsa don biro yake kira bik, littafin rubutu kuma kaye. Ya ce ya zo wannan karatu ne saboda mutanen da aka kora daga ƙauyukansu, waɗanda jikinsu lafiya lau amma barci ya gagare su, ba wanda ya san yadda zai yi magana da su. Kansa yana ja a komai, sai abu ɗaya, kwas ɗin ƙididdiga na aji biyu, mai lissafi. Sau biyu yana kayar da shi. Da wannan da ciwon mahaifinsa, ya riga ya cinye shekarun haƙuri. Shekarar da nake ba ku labari ita ce ta shida.

A farkon zangon farko na wannan shekara aka rufe iyaka. Mota ba ta wucewa, amma takarda ba ta rasa hanya. Akwai Ilu direba, mai jigila zuwa Magama ta bakin iyaka, shi yake karɓo fom ɗin ɗalibanmu na tsallake daga hannun 'yan uwansa na can, ya kawo mini a tasha. Kuma tun kafin rufe iyaka akwai wata al'ada a cibiyar nan da ba a rubuta ta ko'ina ba. Ɗalibin da hanya ta hana shi zuwa, ko na tsallake ne ko na ƙauyukanmu irin su Daddara da Riko lokacin da hanya ba ta da kyau, masinja ne ke sa hannu a madadinsa a takardar kwamfuta don kada lokaci ya wuce. Kowa ya sani. Shugabanni uku na yi aiki da su, dukansu sun sani. Su ma suke cewa, "Lawal, sa masa mana."

Fom ɗin Isufu ya iso ran nan, na kai wa kodinetan aji huɗu, Malam Nasiru. Mutum ne mai ilimi, ba zan ci amanarsa ba, amma kullum a tsaye yake aiki, makullin mota a hannun hagu. Ya ƙirga yunit ya ga ashirin da bakwai. Sai a cire uku. Ya ɗora biro a layi na ɗaya ya ja, ya yi ɗan sa hannunsa a gefe, mai kama da ƙugiya, yadda ya saba duk inda ya soke abu. Layi na ɗaya kuwa shi ne ƙididdiga. Isufu ya sa shi a sama kamar yadda ƙa'ida ta ce.

Ban iya karanta dogon Turanci ba, amma lambobin kwas na san su kamar sunayen 'ya'yana. Na ce masa, ranka ya daɗe, anya wannan ba shi ne kariyobarsa ba? Bai ko ɗago kai ba.

"Kai ne kodineta ko ni?"

Na yi shiru. Wannan shirun nawa ne, ban ɗora wa kowa ba. Na kai fom aka buga, na sa wa Isufu hannu kamar yadda aka saba, na mayar wa Malam Nasiru farar, na riƙe mai ruwan ɗorawa tunda mai ita yana tsallake.

Da hanya ta samu Isufu ya dawo, ya ga babu ƙididdiga a katin jarrabawarsa. Ina zaune a bencina ya shiga wurin Malam Nasiru ya tambaya, ƙofa a buɗe. Malam Nasiru ya ce masa kada ya damu, an daidaita abin, wani kwas na aji huɗu ya maye gurbinsa. Isufu ya fito yana hamdala, har ya ce mini Allah ya raba shi da ƙaya. Murna ta sa bai nemi takardarsa ba, ni ma ban tuna masa ba. Na ce a raina wataƙila akwai sabuwar doka da ban ji ba. Malamai ai sun fi ni sani.

Babu wata sabuwar doka. Ƙarshen shekara aka liƙa sunayen masu kammalawa a allo, babu Isufu. A gaban lambarsa an rubuta kwas ɗaya ya rage masa, shekarunsa kuma sun ƙare.

Ya zo ran Litinin. Bai yi hayaniya ba, da ma ya yi. Ya zauna a gefena a benci, ya cire hularsa ya riƙe.

"Baba Lawal, shekara shida. Mi za ni ce ma tsohuwa? Ita ta riƙe min ɗiya na taho nan."

Na ce masa ya rubuta koke. Dokar makaranta ta ce in kuskuren daga ɗalibi ne, shi ke nan, ya ɗebo da zafi bakinsa. In kuma daga makaranta ne, kwamitin jarrabawa na sashe zai iya neman a yi masa jarrabawa ta musamman kafin a aika sunaye majalisar jami'a. Kwamitin zai zauna ran Alhamis. Ya rubuta koken a kan gwiwarsa, ya ce kodineta ne ya cire masa kwas. Na kai ofishin shugabar sashe da hannuna. Ya koma gida ya jira.

Washegari Talata, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, shugabar sashe ta aiko kirana. Dakta Binta, mace mai kirki a yawancin kwanaki. Na shiga na samu Malam Nasiru a zaune, yau kam ya zauna. Har kujera aka ba ni. Tun da na fara aiki ba a taɓa ba ni kujera a ofishin nan ba, sai na san akwai magana.

Dakta ta fara da cewa an nemi farar takardar hannun Isufu a fayil ɗin Malam Nasiru ba a gani ba. Abin da ke akwai shi ne takardar kwamfuta, babu ƙididdiga a ciki, kuma da hannuna a ƙasa. Ta ce sa hannu a madadin ɗalibi laifi ne babba a dokar aiki, yana iya kaiwa ga kora. Na ce ranki ya daɗe, ai ke ma kin sha ce mini in sa. Ta ce ba wannan ake magana ba yanzu. Ta ce baƙi masu duba ingancin sashe suna tafe, in aka ji kodineta ya hana ɗalibi kammalawa, ba Malam Nasiru kaɗai abin zai shafa ba, har sauran ɗalibai. Ta ce akwai hanya mai sauƙi.

Malam Nasiru ya turo mini wata takarda bugaggiya da Turanci, ya ɗora biro a kai. Na ce a karanta mini da Hausa. Ya ce ba komai ba ne, bayani ne kawai na rufe fayil. Na ce to a karanta mini bayanin. Dakta ce ta karanta, muryarta ƙasa-ƙasa. Takardar ta ce wai ni Lawal na shaida Isufu ya kira ni a waya daga tsallake ya ce a cire masa ƙididdiga don ya yi masa nauyi, shi ya sa na sa hannu da izininsa. In na sa hannu a wannan, ba tuhuma, ba komai, magana ta mutu.

Maganar da Isufu za su mutu tare, wannan ne ba su faɗa ba.

Ba zan yi muku ƙarya ba, na dubi biron nan. Saura mini shekara kaɗan in ajiye aiki, ina da iyali, ba ni da gonar kirki a Gangara, wadda ke akwai ma ba kullum ake iya zuwa ba. Amma na tuna na riga na yi shiru sau ɗaya a kan layin nan, ga inda shirun ya kawo mu.

Na ce, "Ranki ya daɗe, Isufu bai kira ni ba. Malam ne ya soke, a gabana, ina tsaye a ofishinsa."

Malam Nasiru ya yi dariya. Ya ce masinja da ɗalibi sun haɗa baki, wa zai ɗauki maganarsu a kan ta malami? Ya ce in kawo shaida in ina da ita. Sannan ya juya ga Dakta ya yi wata magana da Turanci, na tsinci kalmar da suke kiran jahili da ita. Wannan kalma na san ta, an sha jifana da ita.

Na ce, "Jahili ne ni, Malam, ban musa ba. Amma hannun nan nawa ne, ba na ofis ba ne."

Na ajiye biro, na miƙe, na mayar da kujerar inda na same ta. Dakta ta ce in je in yi tunani zuwa Alhamis. Na ce na gama tunani, ranki ya daɗe, sai in akwai aike.

Abin da ba su sani ba, ko suka manta, shi ne akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin bencina. Tsohon akwati ne na lefen uwargidana. Duk takarda mai ruwan ɗorawa da mai ita bai karɓa ba, ciki nake sawa, shekara-shekara, ɗaure da roba. Sau biyu ana ce mini in ƙone su, wai suna tara gara da ɓeraye. Na ce to, ban ƙone ba. Ba don wayo ba ne. Ni dai a wurinmu in an ba ka ajiya, sai mai ita ya zo. Na buɗe bayan azahar, na samu ta Isufu a ɗauri na uku. Kabon ba ya ƙarya kuma ba ya jin tsoron kowa. Ga rubutun Isufu, ƙididdiga a layi na ɗaya. Ga layin da aka ja a kai. Ga ƙugiyar Malam Nasiru a gefe, ɓaro-ɓaro.

Na yi tunanin in kai wa Dakta ita kaɗai. Sai na tuna farar ma a ofis take ta yi ƙafa. Na sa takardar a aljihun gaba, kwana biyu tana nan, ko alwala zan yi sai na dafa ta. Uwargida ta ga ina ta taɓa ƙirji ta ce ko ciwo ne. Na ba ta labari. Ta ce in aka kore ni me za mu ci? Na ce abin da muke ci kafin a ɗauke ni. Ta ce a lokacin ai da ƙarfinka. Gaskiyarta ce kuwa.

Ran Alhamis kwamiti ya zauna, malamai shida da Dakta a kan teburi. Masinja ba ya magana a taron kwamiti. Aikinsa ya shigo da fayiloli da ruwa, ya fita, ya ja ƙofa. Na shigo da fayiloli, na ajiye ruwa, na ja ƙofa, amma ta ciki na ja ta. Na ciro takardar na shimfiɗa a tsakiyar teburi, ba gaban Dakta ba, ba gaban Malam Nasiru ba, tsakiya inda kowa zai gani.

Dakta ta ce, "Lawal, fita."

Na ce, "Zan fita, ranki ya daɗe. A duba layi na ɗaya tukun."

Wani dattijon malami, wanda shi ne ke koyar da ƙididdigar ma, ya jawo takardar ya sa tabarau. Ya daɗe yana kallo. Ya tambayi Malam Nasiru ko wannan hannunsa ne. Malam Nasiru ya ce kabon ne, kowa zai iya kwaikwaya. Dattijon ya buɗe fayil ɗin da ke gabansa, ya ciro fom uku na wasu ɗalibai, duk da ƙugiyar nan a gefe, ya jera su kusa da ta Isufu. Sai ya dube ni ta saman tabarau ya ce wa ya sa hannu a takardar kwamfuta. Na ce ni ne. Ya ce na san laifi ne? Na ce na sani, kuma na yi wa ɗalibai da yawa, da sanin ofis, in za a hukunta ni a hukunta ni, amma a ba mutumin nan jarrabawarsa. Na ce in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Wani ya yi tari don ya ɓoye dariya. Daga nan na fita, na ja ƙofa ta waje.

Awa biyu suka yi. Da la'asar mai buga takardu ta miƙo mini ambulan biyu, ba ta iya kallon idona ba. Ɗaya ta Isufu ce: kwamiti ya yarda kuskuren na sashe ne, za a nema masa jarrabawa ta musamman cikin mako uku. Ɗayar tawa ce: takardar tuhuma kan sa hannu a madadin ɗalibi da shiga taro ba izini, in ba da amsa cikin kwana biyu, kuma daga gobe an ɗauke ni daga sashe an mayar da ni bakin get. Malam Nasiru an karɓe riƙon aji daga hannunsa, a hankali, ba takarda. Nasa a hankali, nawa a rubuce. Haka aikin yake.

Kada ku tambaye ni ko Isufu ya ci. Ya ci, da ƙyar, dattijon nan ya ce da maki biyu ya tsallake. Ni kuma gargaɗi aka rubuta mini a fayil, yana nan har gobe, ban nemi a cire ba.

Ga abin da zan gaya muku, ku sababbi. A wannan aiki manya suna magana da baki, ƙanana ake sa wa su sa hannu. Ranar da abu ya ɓaci, bakin ya bushe, hannun yana nan. Don haka duk takardar da ba a karanta muku da harshen da kuke ji ba, kada ku taɓa ta, ko wa ya miƙo. In kun ga an soke layin da bai kamata ba, ku faɗa, in an ce muku "ku ne kodineta?", ku sake faɗa. Fom ɗin nan da kuke ɗauka kamar takardar ƙosai, shekarun mutum ne a ciki. Su malamai suna karantar da halin ɗan Adam a allo, kuma akwai na kirki a cikinsu, na ga ɗaya ran Alhamis ɗin nan. Amma halin ɗan Adam na gaske, a benci ake ganin sa.

Washegarin zaman kwamitin, ran Juma'a, na yi sammako. Na fara biyawa tasha, na samu Ilu yana ɗaure kaya, na ba shi ambulan ɗin Isufu da tsofaffin takardun ƙididdiga da na roƙo wurin dattijon malamin. Na ce a gaya masa ya ajiye noma da zumunci ya rungumi lissafi, in ya faɗi a karo na uku kada ya biyo ta get ɗina. Daga nan na wuce makaranta. Na rubuta amsar tuhuma da Hausa, layi uku: na sa hannu, an sa ni ne, wanda na ƙi sawa shi ne na ƙarya. Na miƙa wa mai buga takardu na ce in suna son ta da Turanci su fassara. Sannan na ɗaga akwatina na ɗora a ka, na ratsa ta gaban ofishin Malam Nasiru ba sauri, na kai shi bakin get na tura ƙarƙashin sabon bencina. Kafin ƙarfe tara, wata ɗaliba 'yar aji uku ta tsaya a gabana da fom a hannu, ta ce Baba, don Allah duba mini kafin in kai ciki. Na ce miƙo, mu ga layi na ɗaya.